Ja da kore a ɗakin sabobi

Takardar ta fito ne daga bankin da ke ba kamfaninmu rancen sayen shanshera. Ba ta da tsawo, amma ta hana ofis sukuni: kafin a sabunta yarjejeniya, za su turo wanda zai duba yadda muke riƙe bayanan manoma. Kamfanin casar shinkafa ne, a wani ƙauye cikin fadamar Hadejia, wajen Auyo. Manoman da muke ba iri da taki bashi su biya da shinkafa bayan girbi, kowannensu muna da sunansa, da lambar wayarsa, da NIN da BVN, da hotonsa, da faɗin gonarsa. Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, aka kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, irin waɗannan bayanai sun zama amanar da doka ke tambaya a kanta, ko a Legas kake ko a bakin kogi.

Manaja ya sa aka kira ni, ya miƙo mini takardar, yatsansa a kan layi ɗaya. "Injiniya, mene ne kuma sabobinmu su kasance a kan ƙa'ida? Ba suna aiki ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, suna aiki. Amma aiki daban, ƙa'ida daban."

Ɗakin sabobin namu tsohon sito ne da aka toshe tagoginsa, aka sa masa ƙofar ƙarfe da esi biyu masu karɓa-karɓa. Wanda ya leƙa ba abin da zai gani sai saba uku, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai da manhajojin kamfani, a jere cikin keji, da akwatin ma'ajiya a ƙasansu, da batiran inbata a gefen bango. Amma cikin ƙarafan nan uku akwai kwamfutoci kusan ashirin da ba su da jiki, manhaja ce zalla. Ɗaya tana riƙe da rajistar manoma, ɗaya lissafin kuɗi, ɗaya albashi, ɗaya sikelin da motoci ke hawa a bakin get, ɗaya kyamarorin sito. Manhajar ESXi ta kamfanin VMware ce ke raba musu ƙarfin injin, vCenter kuma ita ce allon da nake ganin su duka a wuri guda. Daɗin wannan tsari shi ne kana iya ɗauke kwamfuta tana tsakiyar aiki daga wannan saba ka kai ta waccan, mai amfani da ita bai ma sani ba. Shi ne vMotion. Sharaɗinsa dai sabobin su zama iri ɗaya a saiti. Da zarar sun fara bambanta, ranar da kake matuƙar buƙatar ƙaurar ita ce ranar da za ta ƙi.

Ƙa'idar da ake magana kashi biyu ce. Akwai faci: ko kowace saba tana ɗauke da gyare-gyaren tsaron da kamfanin ya fitar. Wani sashe na vCenter mai suna Lifecycle Manager ke duba wannan. Sannan akwai saiti: wace ƙofa ce a buɗe, ina ake tura rajistar abubuwan da suka faru, daga ina ake karɓar lokaci, wa ke da izinin shiga. Don wannan ne aka yi Host Profile, wato ma'auni. Ana zaɓar saba ɗaya da aka yarda da ita, a kwafe saitinta kaf, a rataya wa sauran. In ka danna bincike, wadda ta yi daidai ta nuna kore, wadda ta kauce ta nuna ja, wadda aka kasa tantancewa kuma ta ce ba a sani ba. A lokacin ba kowane lasisi ke zuwa da shi ba sai babban, Enterprise Plus, mu ma mun same shi ne don an saya tun dala tana da sauƙi.

Kafin in danna komai sai da na ɗauki kwafin ajiya. Saitin kowace saba na sauke shi a ɗan ƙaramin fayil, kwamfutocin ciki kuma na bar su suka kwana suna kwafuwa zuwa faifan waje. Da safe na ɗauko kwafin rajistar manoma, na tashe shi a keɓe ba tare da haɗa shi da netwok ba, na kira ɗan bautar ƙasar da aka turo mana na ce ya nemo mini sunan wani manomi da ya sani. Ya nemo, ga shi da hotonsa da buhunan da ake bin sa. Sai a lokacin na yarda muna da kwafi. Na sa ya rubuta ranar da abin da muka gani, muka sa hannu.

Sannan na danna bincike. Saba ta ɗaya kore, ba mamaki, daga jikinta aka ciri ma'aunin. Ta biyu ja. Ta uku ja, da jerin saɓani da sai ka gangara allo kafin ka kai ƙarshensa. A ɓangaren faci kuwa duk ukun a baya suke.

Yaron ya leƙo ta kafaɗata ya ga maɓallin gyara a saman allon. "Oga, ba sai a danna nan ba kawai?"

Maɓallin yana aiki, babu ƙarya. In ka danna, zai tilasta wa sabar ta koma daidai da ma'auni. Abin da ba zai tambaye ka ba shi ne dalilin da ya sa ta kauce, da kuma ko ma'aunin ne mai gaskiya. Na ce masa ya kawo takarda da biro, za mu bi jan layin nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne mu nemo tarihinsa.

Yawancin tarihin ya koma wata guda: Oktoban 2024, lokacin da akasarin jihohin Arewa suka yi fiye da mako babu wutar gari bayan lalacewar manyan layuka, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Lokacin an fara girbi, janareta na shan dizal ba dare ba rana, har aka koma kashe sabobi da dare a kunna da asuba don a rage wa batir nauyi. A irin wannan hali kowa yana yin abin da zai sa aiki ya tashi ne. Wanda ke bakin aiki ya buɗe SSH, hanyar shiga saba daga nesa ta ƙofar netwok mai lamba 22, don ya shiga saba ta biyu kai tsaye lokacin da vCenter ta ƙi tashi, aka gama, aka manta da ita a buɗe. An cire kullen da ke hana shiga saba ba ta hanyar vCenter ba, ba a mayar ba. Kalmar sirrin babban asusu kuma na same ta a rubuce a bayan kalandar da ke rataye a ɗakin. Ban ga laifin kowa ba. Wanda bai taɓa tsayawa cikin duhu da tocilan a baki ba, direbobin tirela suna jira a waje, shi ne zai yi saurin zargi. Amma abin da aka buɗe don larura, in larurar ta wuce sai an bi an rufe, kuma ba wanda ke tunawa in ba bincike irin wannan ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali a saba ta biyu agogo ne. Tana baya da mintuna masu yawa. Sai na tuna rigimar da aka yi kwanaki a bakin sikeli, wani direba yana rantsuwa cewa ya hau kafin azahar, tikitinsa kuma yana nuna wani lokaci dabam, mai sito yana cewa kwamfuta ba ta ƙarya. Ashe direban ne mai gaskiya. Ɗan batirin da ke riƙe agogon saba in an kashe ta, irin mai faɗin kwabon nan, CR2032, ya mutu. Duk kunnawa sai ta tashi da lokacin da ta ga dama, kwamfutar sikeli kuma daga gare ta take karɓar lokaci idan ta tashi. Da ma an saita ta ta riƙa gyara agogonta daga intanet ta hanyar NTP, amma intanet ɗinmu ta eriya ce, in wuta ta yi wuya a hasumiyar kamfanin waya ita ma sai ta ɗauke.

Maganar agogo ba ta tikiti kaɗai ba ce. Tsarin shiga na Windows da ma'aikata ke amfani da shi ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti biyar tsakanin kwamfuta da kwamfuta, in ya wuce sai ya ƙi karɓar kalmar sirri, mutum ya yi ta bugawa yana zaton ya manta. Rajistar abubuwan da suka faru ma ba ta da amfani in agogo uku suna faɗar magana uku. Na canza batirin, sannan na mayar da duk sabobin su riƙa karɓar lokaci daga rawuta, na'urar raba intanet da ke cikin ɗakin, ita kuma ta karɓo daga intanet in ta samu. In layin ya ɗauke, ko za su yi kuskure su yi shi tare. Yaron ya duba allon bayan gyaran ya ce har yanzu tana baya da awa guda cif. Na ce wannan ba ciwo ba ne, ESXi da agogon bai-ɗaya na duniya, UTC, take aiki a ko'ina a duniya, mu kuma a Najeriya muna gaba da shi da awa ɗaya. Duk wanda zai karanta rajistarta sai ya riƙe wannan a ka.

Rajistar ita ma da tata matsalar. Saba ta biyu daga ɗan katin SD take tashi, kuma ba a ware mata wurin ajiye rajista a ma'ajiya ba, don haka a ƙwaƙwalwar wucin gadi take zubawa. Ana kashe ta, komai ya goge. Duk abin da ya faru a kanta cikin makon duhun nan babu shi, ba kuma za a same shi ba. Gargaɗin yana nan a allonta da rawaya tun tuni, sai dai ido ya saba da shi.

Saba ta uku ce ta canza mini lissafi. Faifan da take tashi daga kansa ya mutu a bara, wani ɗan kwangila daga Kano ya zo ya sake ɗora mata ESXi sabuwa fil. Ya yi aikinsa ya tafi, bai daidaita ta da ma'auni ba. Wasu saɓanin na ganganci ne ƙarara. Sunan layin netwok ɗin da sikeli da ofis ke bi, a sauran an rubuta shi da babban baƙi a farko, a nan da ƙarami. Ga ido abu ɗaya ne, ga vMotion kuwa layi biyu ne mabambanta, in ka zo ƙaura sai ta tsaya tana tambayar ina za ta haɗa. Irin wannan, ma'auni ne mai gaskiya.

Amma can ƙasan jerin akwai layin da ke cewa wani sabis mai suna SLP, mai sanar da ayyukan saba a netwok, a kashe yake a saba ta uku, ƙofarsa ta 427 a rufe, alhali ma'auni yana so a buɗe. Nan na ajiye biro. Duk wanda ke wannan sana'a a watan Fabrairun 2023 ya san ƙofar nan. Ta nan ne cutar kwamfuta ta neman kuɗin fansa da aka sa wa suna ESXiArgs ta shiga dubban sabobi a duniya cikin 'yan kwanaki, Faransa na cikin inda abin ya fi muni, ta ƙulle fayilolin kwamfutocin ciki ta bar takardar neman kuɗi. Facin ramin da ta bi ya fito tun Fabrairun 2021, shekara biyu kafin harin, mutane ne ba su ɗora ba. Namu suna da wannan facin. Amma shawarar VMware ita ce a kashe sabis ɗin gaba ɗaya, kuma tun daga fitowar zubin ESXi mai lamba 7.0 U2c a kashe yake zuwa a sabon ɗori. Saba ta uku sabon ɗori ce, shi ya sa take a rufe. Ta ɗaya kuwa tsohuwa ce, daga zubi na 6.7 aka ɗaga ta zuwa na 7 wajen lokacin da tallafin 6.7 ya ƙare a Oktoban 2022, ta taho da tsofaffin halayenta, daga jikinta kuma aka ciri ma'auni. Wato da an danna maɓallin nan, da mun buɗe ƙofar da hannunmu a kan sabar da ta fi kowacce tsaro, allon kuma ya saka mana da kore.

Na je na yi wa manaja bayani, don gyaran ma'auni ba abin da zan yi ni kaɗai a ɓoye ba ne, dole a rubuta. Ya saurara har na gama, ya ce, "To ka ce tiyar da muke awo da ita ce ta lotse." Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Ya ce a gyara tiyar tukuna.

Na zauna da ma'aunin na bi shi sashe-sashe, ina gwada shi da jagorar tsaro da VMware ke fitarwa ga kowane zubi. SLP a kashe. SSH a kashe, in an kunna don larura kuma zaman da aka bari ba a taɓawa ya yanke da kansa. Rajista ta tafi ma'ajiya, kwafinta kuma ya tafi wata ƙaramar kwamfuta mai jiki da ke ofishina, don ko sabobin sun mutu duka a sami abin karantawa. A kan kulle na yi dogon tunani. Iri biyu ne: mai tsanani, wanda ke rufe har allon da ke jikin sabar, da na daidai, wanda ke barin mutum ya shiga in yana tsaye gabanta da madannai. Takarda za ta fi son mai tsanani. Ni na zaɓi na daidai, saboda vCenter ɗinmu ita ma kwamfutar ciki ce, a kan sabobin nan take zaune, kuma a garin da wuta ke iya yankewa kowane lokaci, ranar da ta ƙi tashi dole a sami hanyar shiga. Wanda ke da injiniyoyi a bakin aiki dare da rana da layin wuta biyu yana iya zaɓar ɗayan. Akwai kuma abubuwan da na cire daga ma'aunin ɗungurungum, irin lambobin faifan cikin kowace saba, waɗanda dole su bambanta. In ka bar su, ja ba zai taɓa ɓacewa ba, mutane kuma su koyi kau da kai daga gare shi. Adireshin netwok na kowace saba shi ma nata ne ita kaɗai, akwai wurin da ake cike shi daban.

Da na sake bincike da gyararren ma'auni, duk ukun suka koma ja, har da ta ɗaya. Yaron ya ce, "Oga, ai mun ƙara ɓata abin." Na ce yanzu ne allon ya fara faɗin gaskiya.

Faci bai ba ni wahalar tunani ba, sai ta hanya. Fayil ɗin megabait ɗaruruwa ne, intanet ɗinmu kuma in ta kai rabi sai ta yanke. A ofishinmu na Kano aka sauke shi, aka sa a filashi, direban kamfani ya taho da shi cikin ambulan tare da takardun banki. Kafin in ɗora sai da muka gwada lambar tantancewarsa ta SHA-256 da wadda kamfanin ya wallafa, baƙaƙe 64, yaron yana karantawa ina bi da ido. Filashin da ya ratsa hannu uku ba a yarda da shi haka nan.

Ainihin wuyar aikin ba a allo take ba. Ba a ɗora faci, ba a kuma yin manyan gyare-gyare, sai an sa saba a yanayin gyara, shi kuma ba ya shiga sai an kwashe duk kwamfutocin da ke kanta. Tsarin an gina shi ne a kan saba biyu su iya ɗaukar kayan uku. Haka yake a farko. Amma shekara da shekaru ana ta ƙara kwamfuta, wannan na son tasa, wancan na son tasa, ba a ƙara ram, wato ƙwaƙwalwar aikin saba, ba. Da na yi lissafi, biyu ba za su ɗauka ba sai an kashe wasu.

Na kai wa manaja jerin waɗanda za a iya kashewa na 'yan awoyi. Ya ga kyamarorin sito a ciki ya girgiza kai. "A tsakiyar kaka, sito cike da shanshera, ka ce in rufe ido? A'a, Injiniya. Nemi wani." Aka bar kyamara, aka kashe ta albashi tunda wata bai yi nisa ba, da ta gwaji, da wata da ba wanda ya san mai ita. Wannan ta ƙarshen na kashe ta tun da wuri na zuba ido in ga wa zai yi kuka. Sai ga akanta ya taso, ashe tsohuwar manhajar lissafi ce da yake leƙawa in ana neman bayanan shekarun baya. Yanzu an rubuta sunansa a kanta.

Ta ɗaya da ta uku da dare muka yi su, bayan isha'i, in injinan casa sun tsaya. Kafin in fara na zagaya bayan gini wurin Baba mai kula da janareta, na same shi a kan benci da rediyonsa. Na gaishe shi na ce, "Baba, don Allah daga yanzu har in leƙo in gaya maka, kada a taɓa canji. Ko wutar gari ta zo, a bar mu a kan inji." Ya ce, "To, Injiniya, amma man da ke ciki ba zai kai mu asuba ba, sai an sa hannu an buɗe tanki." Sai da na koma na nemo mai sa hannun. Inbata tana riƙe ɗakin in an yi canji, amma batiran sun tsufa, ba kuma na son in gwada su a daidai lokacin da saba ke rubuta sabon tsari a jikinta. ESXi tana ajiye tsohon zubi a gefe, in sabon ya ƙi tashi kana iya danna Shift da R lokacin kunnawa ka koma na baya. Sanin haka yana kwantar da hankali, amma ban so in kai ga buƙatarsa ba.

Na fara kwashe vCenter daga ta ɗaya, sauran suka bi. Sai yanayin gyara ya tsaya cak, ba gaba ba baya, ba kuma wani saƙon kuskure. Na bi kwamfutocin da suka rage, na tarar da guda ɗaya da aka maƙala wa kwafin faifan ɗora Windows tun ranar da aka ƙirƙire ta, fayil ɗin kuma yana cikin faifan sabar ne, ba a ma'ajiyar da kowa ke gani ba. Na cire shi, ta wuce. Daga nan na sa aka nuna mini jerin abin da gyaran zai taɓa kafin ya taɓa, na karanta shi layi-layi, sannan na bari ya tafi. Saba in za ta sake tashi fankokinta kan yi ƙara kamar za su fice daga keji, allon ya yi baƙi na mintuna tana ƙirga ram ɗinta. Yaron ya tashi tsaye. Na ce ya zauna, haka take yi. Ta dawo, na sake bincike, kore a faci, kore a saiti. Ban mayar mata da kaya duka ba sai da na tura kwamfutar gwaji ta je ta dawo, na tabbata netwok na tafiya.

Da na canza kalmar sirrin babban asusu, na bi duk wata na'ura da ke shiga da tsohuwar na sabunta mata, musamman manhajar da ke kashe sabobi cikin tsari in batir ya kusa ƙarewa. ESXi tana rufe asusu na minti 15 in an yi kuskure sau biyar, na'ura kuma ba ta gajiya da gwadawa, sai ta bar ka a waje da kalmar sirrinka ta gaskiya a hannu. Sabuwar tana cikin ambulan da aka like, a sef ɗin manaja. Kalandar kuwa na yage shafin.

Ta biyu ce mai sikeli, ita kuma ba ta ƙaura. Wayar da ke kawo nauyin mota daga bakin get a bayan sabar aka soke ta kai tsaye, vMotion kuma ba ta ɗaukar kwamfutar da ke ɗaure da irin wannan waya. Dole a kashe sikeli. Da dare ma motoci na shigowa a kaka, don haka lokaci ɗaya ne kowa ya yarda da shi: Juma'a, daga sanda ake rufe get a tafi masallaci zuwa la'asar. Na shirya komai tun hantsi, muka kwashe sauran kwamfutocin, ana rufe get na kashe ta sikeli na saki gyaran, muka bi sahun jama'a. Da muka dawo ta tashi, tana jiran a fitar da ita daga yanayin gyara. Motar farko da ta hau, na tsaya kusa da mai sikeli har tikiti ya fito, na gwada lokacin da ke kai da na wayata.

Mai binciken da ta zo mace ce, daga Kano, ba ta da yawan magana. Na buɗe mata allon da kore uku a jere, ta kalla ba ta daɗe ba, ta ce, "Malam, wa ya rubuta ma'aunin, kuma yaushe aka duba shi?" Na ba ta takardar da manaja ya sa wa hannu, mai ɗauke da abin da aka canza da dalilinsa. A kanta ta fi daɗewa. Ta tambayi dalilin da ya sa ba mu sa kulle mai tsanani ba, na faɗa mata, ta rubuta. Ta nemi shaidar cewa an taɓa dawo da kwafin ajiya, na ba ta takardar da muka sa wa hannu ni da yaron. Ta tambayi mutum nawa ke da makullin ɗakin. Ta shafa yatsa a ragar gaban keji ta nuna mini ƙurar hunturu, ta duba ma'aunin zafi ta ce ana so iskar da ke shiga saba ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da allon ke nunawa.

Abu uku ta rubuta a matsayin saura, duk da ma suna cikin takardata: katin SD na saba ta biyu, ƙarancin ram, da wayar sikeli. Ta ƙara na huɗu da ya fi su nauyi. A lokacin VMware ta riga ta sanar cewa tallafin zubi na 7 zai ƙare ranar 2 ga Oktoban 2025, bayan nan babu sabon faci, kore a ɓangaren faci kuma ba zai ƙara nufin komai ba. Tun da kamfanin Broadcom ya sayi VMware a Nuwamban 2023 aka daina sayar da lasisin dindindin, sai na haya, da dala. Ko dai a biya a hau na 8, ko a fara shirin komawa wani tsari irin Proxmox, wanda ba shi da wannan ma'aunin a shirye, sai mutum ya gina nasa. Ta ce ba aikinta ba ne ta zaɓa mana, amma tana son ganin shawara a rubuce kafin zuwanta na gaba.

Na saita binciken ya riƙa gudana da kansa kullum, na kuma sa littafi a ɗakin: duk wanda ya buɗe wani abu don larura ya rubuta, da sunansa da lokaci. Jerin kuɗi kuwa na kai wa manaja. Ya amince da faifan saba ta biyu da ɗan akwatin da zai juya wayar sikeli ta bi ta netwok, don su ba su da tsada. Ram ya ce sai an sayar da kaya. Maganar lasisi kuma ya ce ta fi ƙarfinsa, in rubuta ta a shafi ɗaya, da Hausar da masu kamfani za su gane, zai tafi da ita Kano.